Man giya mai tsada: yana biyan kuɗinsa, ko suna kawai ake saya?

Abban_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Motata Camry ce ta 2008, wadda ake ce wa Muscle, mai silinda huɗu, otomatik. Tun da ta zo hannuna ba a taɓa yi mata juyen man giya ba, kuma kwanan nan idan ta ɗauki zafi a cinkoso sai in ji tana ɗan jan ƙafa kafin ta shiga giya ta biyu. Na leƙa Ƙofar Ruwa, mai shago ya jera min kala uku. Akwai na araha da aka rubuta wa Dexron III. Akwai na Toyota a gwangwanin ƙarfe mai lita 4, an rubuta WS. Sai wani na roba da ya ce daga Amurka yake, wai sintetik ne zalla, wato wanda aka haɗa a masana'anta da sinadarai, mai ƙarfin aiki, kuɗinsa ya kusa ninka na Toyotan. Ya ce in na zuba shi giyar za ta dawo sabuwa, kuma na huta da canji. Ban sayi ko ɗaya ba tukuna. Don Allah, wannan mai tsadar yana yin aikin da ya kai ƙarin kuɗin, ko suna kawai mutum yake saya?

Sani_Ɗorayi
Wa alaikumus salam. Ɗauki na Toyota ka wuce wurin, Alhaji. Wanda ya ƙera motar ya fi mai shago sanin abin da take sha.

Direban_Sienna
Ni dai ga abin da idona ya gani. Haya nake yi tsakanin Kano da Abuja, fasinja a cike, but a cike, wani lokacin har da kaya a sama. A watan Maris da Afrilu, ga rana ga nauyi ga cinkoson Zuba, in ka tsaya ka zaro geji ba ka iya riƙe ƙarfen da hannu. Lokacin da nake zuba man da kowa ke zubawa, kafin a je ko'ina ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri. Da na koma sintetik mai tsada sai na ga yana daɗewa da jansa, kuma fizgar da take yi min idan za ta sauko daga giya ta huɗu ta ragu. A wurina kuɗin bai tafi a banza ba. Giyar Sienna ɗaya ta Beljiyam kuɗin mai nawa ce?

Oga_Panteka
Malam Abban Ilham, kafin a zo maganar tsada da araha, buɗe bonet ka zaro gejin man giya. A jikinsa za ka ga an buga sunan man da giyar take so. Taka WS za ka gani. To duk man da ba a yi shi don gurbin WS ba, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka.

Wancan Dexron III ɗin shi ke kashe mana giyoyi a garin nan. Ba man banza ba ne, a motar da aka yi dominsa lafiya lau yake aiki. Amma ya fi WS kauri, kuma santsinsa daban ne. Mutum zai zuba, kwana biyu shiru, daga nan mota ta fara karkarwa in ta kai gudun 60 zuwa 80, a kawo mana a ce giya ta lalace. Mu kwance mu tarar faiba, wato faya-fayan da ke kama giya a ciki, ta yi baƙi. Yawancin giyoyin da nake saukewa ba rashin mai mai tsada ne ya kashe su ba. Ko dai an zuba musu wanda ba nasu ba, ko an bar oyilsil, robar da ke tare mai, tana yoyo ana yawo da mai ƙasa da geji.

Injiniya_Samaru
Oga ya taɓo inda maganar take. Bari in ɗan faɗaɗa, don a ga inda shi da Direban_Sienna suka haɗu.

Baƙin man inji babban aikinsa hana ƙarfe cin ƙarfe. Man giyar otomatik aikinsa ya fi haka yawa. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya a cikin tulun nan da kanikawa ke kira kwanbata. Shi ne kuma ake matsawa ta ƙananan hanyoyi ya danne faiba don giya ta canza. Shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. Sannan dole santsinsa ya tsaya daidai wani mizani: in ya yi yawa faiba ta zame, in ya yi kaɗan ta cafke da ƙarfi mota ta yi fizga. Kowane kamfani ya auna takardar faibarsa da kwamfutar giyarsa a kan wani mai takamaimai. Shi ya sa Toyota ke da T-IV da WS, Honda ke da DW-1, Nissan ke da Matic S, Hyundai da Kia ke da SP-III da SP-IV, Ford ke da Mercon, General Motors (GM) ke da Dexron.

Abin da sintetik mai kyau ya fi da shi shi ne juriyar zafi. Giya tana jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Akwai ƙa'idar da masu harkar mai suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 a kan haka, saurin lalacewar mai yana kusan ninkawa. To motar da ke ɗaukar lodi a zafin Afrilu tana cinye rayuwar manta da wuri, a nan ne mai tsada ke nuna kansa. Amma juriyar zafi daban, dacewa da faiba daban. Mai zai iya zama na ɗaya wajen juriya, ya kuma zama ba na giyarka ba.

Baba_Mai_Fensir
Ku dai yaran zamani kuna da dogon bayani. Camry ɗina mai siririyar fitila, ta 1999, shekara da shekaru wannan na arahar da kuke kushewa nake zuba mata. Ta je Maiduguri, ta je Sakkwato, ta kai amare, ko tari giyarta ba ta taɓa yi ba.

Oga_Panteka
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ai gaskiyarka, domin taka motar Dexron ɗin ne abincinta tun daga kamfani. Ba araharsa ce ta taimake ka ba, dacewarsa ce. Shi kuwa Abban Ilham giyarsa mai hawa biyar ce, ta zamanin WS. In ya bi sawunka zai sha wuya.

Baba_Mai_Fensir
To madalla. Ashe dai mai tsadar ba dole ba ne, abin da nake nufi ke nan.

Maman_Sadiq
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta ɗan kauce. Honda Accord nake ja, wadda ake kira EOD. Makanikin maigidana ya ce kada a kuskura a taɓa man giyarta, wai duk otomatik ɗin da aka yi wa juye kwananta ya ƙare, ciko kawai ake yi. Yanzu kuma na ga ku kuna maganar wanda za a zuba. Wanne za mu kama?

Sani_Ɗorayi
Hajiya, ni ma haka na taso ina ji. Wani maƙwabcinmu ya yi wa tasa juye, sati bai zagayo ba ta daina shiga ribas.

Oga_Panteka
Hajiya, wannan magana tana da asali, amma an juya ta. Mutanenmu ba sa tunawa da man giya sai giyar ta fara ciwo. Lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta ya cika tsohon man, kuma wannan garin ne ke ɗan taimaka mata tana kamawa. Ka zubar da shi ka sa sabo mai tsabta, sai zamewar ta fito fili. Sai a ce juye ne ya kashe ta, alhali gawa aka yi wa wanka. Haka nake zaton ya faru da maƙwabcin Malam Sani.

Ga yadda za ki gane. A samu farar takarda a ɗiga mata man daga geji. In ja ne ko ya ɗan yi duhu, ba ƙauri, a yi juye hankali kwance. In ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna, kuma ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, to ba mai za a saya ba, kuɗin gyara za a fara tarawa. Kuma Honda ba a sa mata injin wanke giya. Kwance noti ake yi a zubar da abin da ya fito, wajen lita 3, a mayar da daidai shi, a ɗan yi yawo, a sake, har sau uku in ana son ya wanku sosai. A goge maganaɗisun da ke jikin notin. Man ki da ATF-Z1 ne, daga motocin 2011 kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1, kuma shi ake zuba wa tsofaffin yanzu. Wani abu kuma: Honda a kashe ake auna ta, da zarar an kashe inji bayan ta yi zafi, ba kamar Toyota ba da ake aunawa inji na aiki. Yara da yawa a gareji suna cika mai fiye da kima saboda rashin sanin wannan.

Maman_Sadiq
Allah ya saka da alheri, Oga. Zan nuna wa maigidan wannan bayani da kansa.

Abu_Hanifa_Gombe
Ni fa duk wannan lissafin bai dame ni ba kamar jabu. Kuna ta WS, DW-1, sintetik, to wa ya ce abin da ke cikin robar shi ne aka rubuta a bayanta? Na taɓa sayen mai tsada a wata kasuwa, da hatiminsa da komai. Da aka buɗe a gareji sai makanikin ya shafa a yatsa ya shinshina ya ce kada a zuba. Ruwa-ruwa ne, jan ma har yana kama fata. Wani siririn mai aka samu aka zuba wa kala. Kuma abin da na lura, mai tsadar aka fi yi wa jabu, don a nan ribar take. Wa zai ɓata lokacinsa yana kwaikwayon na araha?

Ɗan_Kasuwa_Kano
Malam Abu Hanifa, ni a harkar nake, kuma ba zan ce ƙarya ka yi ba. Akwai jabu, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ma takan kama lokaci zuwa lokaci. Amma ku ma masu saye ku duba kanku. Mutum zai zo ka faɗa masa kuɗin na gaske, ya ce a can layin an ba shi a rabin haka, ya tafi. Araha ba ta ado. Mai ɗin nan da dala ake shigo da shi, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas ka san akwai magana. Shawarata: ka riƙe mutum ɗaya da ka amince da shi ko ka je wurin dila na kamfani, ka duba murfi da lambar da aka buga a gindin roba, a buɗe a gabanka, in an gama juye ka huda robar ko gwangwanin kafin ka bar gareji. Waɗannan fankon da yara ke bi suna saye, ina kuke zaton ake kai su?

Injiniya_Samaru
Ƙarin haske kan wannan. GM ya fito da Dexron VI a 2005, kuma daga ƙarshen 2006 ya daina ba da lasisin Dexron III. Ma'ana duk robar da ka gani yau da sunan Dexron III, ba kamfanin da ya mallaki sunan ke sa ido a kanta ba, amanar wanda ya haɗa man kawai kake saya. Manyan kamfanonin mai har yanzu suna yin mai kyau a wannan gurbin, amma ƙofa a buɗe take ga kowa. Dexron VI na gaske yana da lambar lasisi a bayan roba da ke farawa da harafin J.

Ba_Maraɗi
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni Prado nake tuƙa wa wata ƙungiya, muna shiga Tawa har Agadas. Kun san zafinmu, kuma ga rairayi. In mota ta shiga yashi tana nishi, a nan man giya ke tafasa, har fitilar nan ta zafin man giya ta kama a gaban direba. Abin da na koya a hanyar nan: mai mai kyau yana taimakawa, amma bai kai sanyaya ba. Mun ƙara wa motocinmu ƙaramar lagireto ta man giya a gaba, kuma in za a shiga yashi mai zurfi sai a sa ƙaramar giya ta ƙafa huɗu tun kafin mota ta fara wahala. Tun daga nan fitilar ta daina kamawa. In kuɗinka na abu ɗaya ne, ni na ce ka sa a sanyaya ka zuba man kamfani, ya fi ka zuba mai tsada ka bar shi yana dahuwa.

Direban_Sienna
Ba_Maraɗi, sannu da hanya. Wannan ƙaramar lagireton ni ma ina da ita. Amma na haɗa biyun ne, kuma ban yi nadama ba. Mu da motar ce gonarmu, kwana ɗaya a gareji asara ce biyu.

Oga_Panteka
Tunda an zo maganar lagireto, ku kula da wannan. A yawancin motocin nan man giya yana bi ta cikin lagireton inji ne ya huce. Wani in tasa ta fashe sai a sa masa ta motar manuwal wadda ba ta da bakin tiyo biyun nan, yaro ya haɗe tiyo da tiyo ya ce an gama. Daga ranar man giya ba ya hucewa. Wani kuma bututun cikin lagireton ne ke hujewa, ruwa ya shiga mai. In ka zaro geji ka ga abu ruwan hoda kamar an dama shi da madara, kashe motar a inda take. Ruwa yana sa gam ɗin da ya riƙe faiba ya saki, babu man da zai cece ta, ko nawa ne kuɗinsa.

Yarima_GT
Ni ban yarda da masu cewa man kamfani ya fi ba. Kamfani riba yake nema, mafi arahar abin da zai kai mota ƙarshen garanti shi zai zuba. Ku duba masu tseren mota a Amurka, wa ke zuba man kamfani? Amsoil, Red Line, Motul, su ake yayi. Ni a motata Red Line nake sa wa, kuma canjin giyar har daɗi yake.

Injiniya_Samaru
Yarima, waɗannan kamfanoni suna yin mai mai kyau, ba musu. Amma a raba abu biyu. Akwai sintetik ɗinsu na motar titi da suka haɗa don gurbin WS ko Dexron VI ko wani. Akwai kuma na tsere zalla, wanda yawanci ake yi a kan tsarin tsohon Type F na Ford, babu sinadarin da ke tausasa kamun faiba. Mai tsere so yake giya ta cafke nan take, ko da za ta girgiza shi, kuma bayan 'yan gudu kaɗan zai zubar da man. Ka zuba irin wannan a Camry mai zuwa ofis da kai yara makaranta, ka sayi fizga da kuɗinka. Kalmar ƙarfin aiki a jikin roba ba mizani ba ce, kowa na iya bugawa. Juya bayan robar za ka yi ka nemi lambar giyarka.

Sinadaran nan ba ƙaramin abu ba ne. Har farkon shekarun 1970 da kitsen wani babban kifin teku ake haɗa man giya a Amurka don samun wannan santsin, da aka hana farautarsa sai da masana'antu suka sha wahala kafin su samo madadinsa.

Yarima_GT
Na ji, Injiniya. Nawa na titi ne, kuma an jera WS a bayansa. To mene ne laifinsa?

Injiniya_Samaru
Ban ce yana da laifi ba. Sai dai ka lura da lafazin. Wani an rubuta kamfanin mota ya amince da shi, wani kuma mai man ne da kansa ya ce ya dace. Toyota ba ya raba lasisin WS yadda GM ke raba na Dexron, don haka duk na waje da ka gani da WS, shaidar mai shi ce. In babban kamfani ne mai sunan da zai kare, shaidar tana da nauyi. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne robar da ta jera motoci talatin, daga masu son mai kauri har masu son siriri, ta ce duk nata ne. Dexron III kaurinsa a digiri 100 ya haura 7 a ma'aunin da ake amfani da shi, WS bai kai 6 ba. Mai ɗaya ba zai zauna daidai a duka biyun ba, tsakiya zai nema. Ga mai son sauƙi ba tare da caca ba, Aisin, wanda ke ƙera giyoyin Toyota da yawa, yana sayar da nasa man na gurbin WS da na T-IV.

Hafsat_Kaduna
Don Allah ni Corolla 2015 ce, an ce min giyarta CVT ce. Duk wannan bayanin ya shafe ni?

Oga_Panteka
Hajiya Hafsat, gara da kika tambaya. Ke naki ya fi na kowa hatsari. CVT ba faiba da haƙora ke canza mata gudu ba, bel ne na ƙarfe ke tafiya tsakanin gargare biyu, kuma man ta daban ne gaba ɗaya. Kada ki bari a zuba miki jan man giya na yau da kullum, mai tsada ko mai araha, ko WS ɗin ma. Man CVT na Toyota za a nema, wanda littafin motar ya ambata. Amma a fara tabbatarwa, don a Corolla ta wannan shekarar akwai ƙaramin samfurin da ya zo da tsohuwar giya mai hawa huɗu. Masu Nissan su ma haka, NS-2 ko NS-3, masu Honda sababbi HCF-2. Kuma taki ba ta da geji, ta ƙasa ake auna ta, sai mai ya kai wani zafi da ake dubawa a kwamfuta. Ki kai wa wanda ke da na'urar, ba kowane gareji ba.

Sani_Ɗorayi
To ni abin da ya ɗaure min kai, in har canjin yana da muhimmanci haka, me ya sa wasu kamfanonin ke cewa man na har abada ne?

Lawal_Apo
Malam Sani, ni motocin Jamus nake gyarawa a Abuja, wannan maganar kullum muna yin ta da masu BMW. BMW ya ce man giyarsa na tsawon rayuwar mota ne. Amma ZF, wanda shi ya ƙera giyar ya sayar wa BMW, ya ce a riƙa canzawa, har yana sayar da kaskon ƙasa mai haɗe da filta da man Lifeguard don wannan aikin. Wa za ka bi? Sannan rayuwar mota a lissafinsu ba irin tamu ba ce. Motar da ta gama rayuwarta a can ita ce ke sauka Kwatano ta fara sabuwa a hannunmu. Toyota ma a jadawalinsa na Amurka ya ce motar da ke jan kaya a canza mata a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. Zafinmu da ƙurarmu da cinkosonmu ai sun kai jan kaya.

A motocin da nake taɓawa ba na ma kiran man da mai tsada, don babu na araha da zai shiga. Mercedes mai giya bakwai kaɗai mai iri biyu take da shi, ja na 236.14 da shuɗi na 236.15, kuma ba a musanya su.

Abban_Ilham
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi maganar Oga na zaro geji da safen nan. WS aka buga, har da 'yar takarda a manne da ke cewa ba sai an canza ba in tuƙin yau da kullum ne. Na ɗiga a farar takarda: ruwan ƙasa ne mai duhu, amma da sauran ja a gefen ɗigon, ba ƙauri, ban ga ƙyalli ba. Zuciyata ta fi karkata ga WS daga wurin dila. Sai dai maganar Direban_Sienna tana min yawo, don ni ma kullum ina cikin cinkoson Kano da rana tsaka, ga na'urar sanyi a kunne. Shin wannan bai sa ni cikin masu buƙatar mai tsadar ba?

Oga_Panteka
Alhamdu lillahi, giyarka da sauran rai. Gwangwani ɗaya ya ishe ka zubin farko, abin da zai fito bai kai lita 4 ba, alhali giyar tana riƙe da kusan ninki biyun haka, sauran yana cikin kwanbata. A auna wanda ya fito a mayar da daidai shi, a duba geji inji na aiki a fili mai daidai. Ka yi 'yan makonni kana hawa, ka sake. Kuɗin da za ka ba da a roba ɗaya ta mai tsadar, ka yi juye biyu da shi. In ka zuba mai tsadar sau ɗaya, rabinsa tsohon mai ne zai gauraye da shi, ina ƙarfin aikin yake? In bayan juye biyu jan ƙafar bai tafi ba, a sa mata kwamfuta a duba solinoid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya a cikin giya, kada a ce mai ne.

Direban_Sienna
Oga, lissafinka daidai ne a zubin farko. Amma bayan ya wanke ta fa? Ni a nan nake cewa ya koma sintetik ya zauna a kai. Cinkoson Kano a watan azumin bazara ba wasa ba ne, mota a tsaye, iska ba ta shiga lagireto, mai yana ta juyawa a kwanbata.

Ɗan_Kasuwa_Kano
In zai bi ta Direba, to ya tabbatar inda zai riƙa samun irinsa duk lokacin da ya buƙata. Irin waɗannan na Amurka yau akwai gobe babu, kwantena ɗaya ce ke shigowa ta ƙare. Kada ya fara da wani, ranar ciko ya rasa, a haɗa masa da abin da aka samu.

Injiniya_Samaru
Abban Ilham, motarka ba ta ɗaukar lodin Sienna, ba ta shiga yashin Agadas. In fankarka na tashi a kan lokaci kuma lagireto ba ta toshe ba, WS na gaske zai riƙe cinkoson Kano, muddin ba ka bi maganar 'yar takardar nan ka bar shi har abada ba. Direban_Sienna kuma ban ga dalilin da zai sa ya bar abin da yake yi ba, aikin motarsa ya kai. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne alƙawarin mai shago cewa giya za ta dawo sabuwa. Faibar da ta cinye ba mai da ke mayar da ita.

Yarima_GT
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ku bari bazara ta wuce, ni da Abban Ilham kowa ya ɗiga nasa a takarda ya ɗora hoton a nan.

Abu_Hanifa_Gombe
Kala kaɗai ba ta isa shaida ba, Yarima, WS yana saurin yin duhu ko da lafiyarsa ƙalau. Oga_Panteka, ni Highlander 2006 ce, kuma ina jan ƙaramar tirela ta kayan gona zuwa Kumo lokacin kaka. Gejina T-IV ya ce. In zan ƙara ƙaramar lagireton da Ba_Maraɗi ya ambata, kafin ta inji ake haɗa ta ko bayanta?